Waiwaye: Gidan Tarihin Kanta da kiɗan bakin Matan Fada

Mafi yawan baƙin da ke zuwa Argungu kifi ne ke kawo su. Su kalli bikin kamun kifi a kogin Matan Fada, su ɗauki hoton giwan ruwa, su hau mota. Kaɗan ne ke leƙa tsohuwar fadar da ke cikin gari, wato Gidan Tarihin Kanta, alhali a can ne za a gane dalilin da ya sa ake yin bikin tun farko.

Sunan gidan na Muhammadu Kanta ne, jarumin da ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16, ya gina babban birninsa Surame da ganuwarta ta dutse. Amma Kanta bai taɓa kwana a wannan gida ba. Sai bayan mayaƙan jihadi sun ci Birnin Kabi a 1805 ne sarautar Kabawa ta yi ta gudun hijira, har daga baya ta sami mazauni a Argungu. Ana danganta ginin fadar da shekarar 1831, da kuma sunan Yakubu Nabame, wanda ya sake ɗaga tutar Kabi a 1849. Daga nan har zuwan Turawa, tsakanin Argungu da Sakkwato da Gwandu an sha gwabza yaƙi.

Sarakuna sun zauna a gidan har 1942, lokacin da aka koma sabuwar fada. Ranar 1 ga Yuli, 1958, aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi, wato tun kafin Najeriya ta sami 'yancin kai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga garin da ba hedikwatar lardi ba. Sassa goma sha ɗaya ne a ciki, akwai masu da takubba da kibau da layun yaƙi, kuma a nan makwantan sarakunan suke. Shi ya sa Bakabe ba ya shiga wurin kamar ɗan yawon buɗe ido. Yakan rage murya, ya yi wa magabata addu'a.

Sai kayan kiɗa. Nan ne abin ke ɗan sosa rai. Ganga a jingine jikin bango, fata ta bushe, babu makaɗi, ba ta gaya maka komai. Da can ita ce ke tara mayaƙa, ita ce ke kiran sarki da takensa. Gidan ya adana itacen da fatar, amma taken da kirarin suna bakin mutane ne, mutanen kuma tsufa suke yi.

Inda sautin ya rage shi ne bakin kogi. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka shirya masa kamun kifi don nuna cewa gaba ta ƙare. Daga wannan ziyara bikin ya samo asali. Duk wanda ya taɓa tsayawa a can ya san kiɗa ba ado ba ne: makaɗa cikin kwalekwale suna bin masunta, kowane da gora da homarsa, ana zuga su, a fili kuma 'yan dambe da 'yan kokawa ba sa shiga sai an kaɗa musu takensu. Sarkin Ruwa na nan, ana kabanci, wato wasannin cikin ruwa, ana tseren jirage.

UNESCO, hukumar ilimi da kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa bikin cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016. Abin mamaki, a lokacin ma ba a yin sa, domin bayan na 2009 an dakatar saboda matsalar tsaro, sai a Maris ɗin 2020 aka dawo da shi. Shekara goma ba wasa ba ce ga sana'ar da ɗa ke koya a bayan ubansa yana amshi. Gidan Kanta yana nan duk tsawon lokacin, da gangunansa a jingine. A ganina da an ware ɗaki guda cikin sha ɗayan nan, an kira tsofaffin makaɗan fada da na masunta an naɗi muryoyinsu, da mai ziyara ya ji abin da gangar ke faɗa.