Tsananin ciwo kaɗai ba ya kai mutum ga dashen zuciya

Mutane da yawa sun ɗauka wanda ciwon zuciya ya fi galabaitarwa shi ake fara yi wa dashe. Likitoci abu biyu suke dubawa: ko zuciyar ta gaza har magani ya daina aiki, da ko sauran jikin zai iya riƙe sabuwa.

Na farko ana auna shi a kan keken motsa jiki. Idan iskar oksijin da jiki ke iya sha ba ta wuce mililita 14 a kowane kilo na nauyin jiki cikin minti ɗaya ba, ana iya shiga sahun masu jiran dashe.

Na biyun ne ke kayar da mutane. Ana zura siririn bututu ta jijiyar wuya a auna hawan jinin huhu. In ya yi yawa kuma magani bai sauke shi ba, ɓangaren dama na sabuwar zuciyar, wanda bai saba da wannan turjiya ba, yana iya gazawa tun a ɗakin tiyata. Ciwon daji (kansa) mai ci ko cutar da ta shiga jini ma suna hanawa, domin maganin danne garkuwar jiki da za a sha har ƙarshen rai yana ba su damar bazuwa. Mai shan taba kuwa sai ya yi aƙalla wata 6 da dainawa.