Jaririn Labarinku Ya Cika Saurin Girma: Amsoshin Tambayoyin da Aka Ishe Ni da Su

Na daɗe ina duba rubutun matasan da suke ɗaukar taurarin wani fim ko littafi da suke ƙauna, su aurar da su, su ci gaba da labarin daga inda mai shi ya tsaya. Biki yakan fita da kyau, rikicin dangin miji ma haka, amma da zarar an haihu sai alƙalami ya rikice, a wayi gari ɗan wata 4 yana kiran sunan mahaifinsa. Tambayoyin iri ɗaya ne kullum, don haka ga amsoshinsu wuri guda.

Jaririyata ta yi wa babanta murmushi ranar suna. Kuskure ne?

Kuskure ne. Murmushin da jariri yake yi wa mutum saboda ya ga fuskarsa yana farawa ne wajen mako 6 zuwa 8, wato bayan an yi arba'in. Ki share hawayen da kika zubo mata a kumatu ma, domin a makonnin farko jariri kuka yake yi ba tare da hawaye suna gangarowa ba.

Wata nawa yaro yake fara tafiya?

Babu wata guda. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa a 2006, wanda ya bi yara a Ghana da Indiya da Norway da Oman da Amurka, ya nuna cewa lafiyayyen yaro yakan zauna da kansa tsakanin wajen wata 4 zuwa 9, ya yi tafiya da kansa tsakanin wajen wata 8 zuwa kusan 18. Ka zaɓi wata ɗaya a cikin wannan fili ka riƙe shi, kada yaron da ya yi tatata a babi na 10 ya koma koyon zama a babi na 12.

Dole ne ya yi rarrafe kafin ya miƙe?

A'a. A wancan binciken ma an sami yara kaɗan da ba su taɓa rarrafe da hannu da gwiwa ba, suka kuma yi tafiyarsu lafiya lau.

Ina son 'yar shekara 2 ta tona asirin matar da ta zuba wani abu a kunun mahaifinta. Zai yiwu?

Zai iya yiwuwa, amma ba ta hanyar da kike shirin bi ba. A shekara 2 yawancin yara kalma biyu suke haɗawa, irin su “Mama zo” ko “ba ni”, ko da yake akan sami mai surutu da ta wuce haka, kamar yadda akan sami wadda har lokacin gwaranci ya fi yawa a bakinta. Amma ko mai surutun ce, da wuya ta ce “jiya da daddare na ga Anti ta zuba magani a kunun Baba”, domin wannan magana tana buƙatar sanin jiya da yau da kuma jera abubuwa bi da bi, kuma wannan sai gaba yake zaunawa. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne yarinyar ba ta san asiri ta gani ba. Gane cewa wani yana iya yarda da abin da ba haka yake ba, har a ga dalilin gyara masa, yakan tabbata ne wajen shekara 4, saboda haka babu abin da zai sa ta ruga wurin kakarta da niyyar kai rahoto.

Abin da 'yar shekara 2 ta ƙware a kai shi ne kwaikwayo, kuma a nan mafitarki take. Ki zaunar da kakar a tsakar gida tana tsintar shinkafa, yarinyar kuma a gefen tabarma da kofi da murfin kwalba. Ta waiwaya ƙofa, ta karkata murfin cikin kofin, ta juya da tsinke, ta ce “Anti”, ta ci gaba da wasanta. Hannun kakar ne zai tsaya cak a cikin faranti. Ko wannan ɗin ma ya fi gamsarwa idan kwanaki kaɗan ne suka wuce, kuma kada ki sa manya su yanke hukunci nan take, domin ƙaramin yaro idan aka tsare shi da tambaya yakan amsa abin da ya ga ana son ji, kuma duk wata dattijuwar da ta yi reno ta san haka. Idan kuwa nufinki yarinyar ta girma sannan ta tuna, to ki ƙara mata shekaru zuwa 5, saboda mafi yawan mutane ba sa riƙe abin da ya faru da su kafin wajen shekara 3.

Amma a fim ɗin asali yaron yana magana kamar babba.

Idan mai labarin ya yi shi aljani ko mai wata baiwa, ka bi shi. Idan kuwa kuskure ya yi, ba gado ba ne da za ka ce sai ka ci.

Yaron labarina bakwaini ne. Lissafin ɗaya ne?

Ba ɗaya ba ne. Likitoci suna cire makonnin da ya rage a ciki daga shekarunsa har zuwa wajen shekara 2, don haka wanda aka haifa saura wata 2 ana auna shi a wata 8 da ma'aunin ɗan wata 6. Marubuciyar da ta aiko da wannan tambaya ta ƙare da zancen ɗanta na cikinta, to ki kwantar da hankalinki, 'yar'uwa, jinkirin zama na 'yan makonni ba abin tashin hankali ba ne ga bakwaini. Idan zuciyarki ba ta natsu ba, ki faɗa wa ma'aikaciyar jinya ranar awo.

Uban ya dawo daga tafiyar wata 7, yaron ɗan wata 10 ya miƙa masa hannu yana dariya. Me ya sa kika ja layi a ƙarƙashi?

Saboda ƙiwa, kuma abin yana ba ni mamaki a ce wanda ya tashi a gidan da ba a rasa goyo ya manta da ita. Daga wajen wata 6 zuwa 9 yaro yake fara ƙin baƙuwar fuska, kuma mutumin da ya tafi ya bar shi yana wata 3 baƙo ne a wurinsa, ko da shi ya raɗa masa suna. Ka bar yaron ya ƙanƙame wuyan uwarsa ya cusa fuska cikin mayafinta, uban kuma ya tsaya a bakin ƙofa da tsarabar a hannu, a ba shi kwana uku yana lallaɓawa kafin a yarda ya ɗauke shi.