Murmurewa bayan ɓarin ƙaramin ciki

Ɓarin ƙaramin ciki shi ne ciki ya zube da kansa kafin ya cika sati 13, wato a wata ukun farko, kuma wajen kashi 80 cikin 100 na duk ɓarin da ake yi a wannan tsakanin yake faruwa. Ya fi yawa a kan yadda mutane suke zato, don a 2021 mujallar likitoci ta Lancet ta ƙiyasta ana ɓari kusan miliyan 23 duk shekara a duniya, kaman kashi 15 cikin 100 na cikin da aka san da shi kenan. Kusan rabinsa daga matsalar ƙwayoyin halitta ne tun ranar da cikin ya shiga, abin da ba mai iya hanawa, sai kuma zazzaɓin cizon sauro mai zafi, ciwon suga da ba a kula da shi ba, da shekarun mace in sun haura 35. Daka da shara da ɗiban ruwa da kwanciya da miji ba sa zubar da lafiyayyen ciki, wannan ya kamata a riƙa faɗa wa mata da babbar murya.

Jiki

Jini yakan ɗauki sati ɗaya zuwa biyu, da farko da yawa da gudaji da ciwon mara, daga baya ya koma ɗigo. Wata komai zai fita da kansa, wata sai an ba ta maganin misoprostol a asibiti, wata kuma sai an yi mata wankin ciki da na'urar da ake zuƙowa da hannu, kuma sikanin ne yake nuna ko mahaifa ta fita tas ko da saura. Farasitamol ko ibuprofen suna rage ciwon, ana so a yi amfani da audugar mata, kar a cusa komai a gaba, kuma a dakata da saduwa har jinin ya tsaya don gudun ƙwayar cuta ta shiga mahaifa.

Akwai alamun da ba a kwana da su a gida: jinin da yake cika auduga biyu a awa ɗaya har awa biyu a jere, zazzaɓi da rawar sanyi, ruwa mai wari, jiri ko suma, ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara ko a kafaɗa wanda yana iya zama ciki ne a wajen mahaifa. Nan fa ake asara, a tsaya ana jiƙe-jiƙe da sassaƙe ana cewa ai dauɗa ce take fita, kafin a kai ta asibiti jini ya ƙare sai neman ƙarin jini. Wadda rukunin jininta nagetif ne ta gaya wa likita da wuri, don allurar anti-D, wadda take kare ciki na gaba daga matsalar saɓanin jini, in za a yi cikin awa 72 ake yinta.

Gajiya da haki bayan ɓari yawanci ƙarancin jini ne, toh hanta, nama, ƙwai, wake, zogale da alayyahu suna taimakawa tare da maganin ƙarin jini. Al'ada takan dawo cikin sati 4 zuwa 6, amma ƙwai yana iya fita tun sati biyu bayan ɓarin, ma'ana mace za ta iya ɗaukar wani cikin tun ba ta ga al'ada ba. Gwajin fitsari ma yana iya ci gaba da nuna akwai ciki na ɗan makonni, in ya wuce sati uku yana nunawa a koma asibiti.

Maganar sallah kuwa malamai sun yi saɓani. Malikiyya suna ɗaukar jinin a matsayin jinin biƙi ko da gudan jini ne ya fita, Hanafiyya da Hanbaliyya kuma sai an ga alamar halitta, shi ya sa ake son mace ta yi wa malami ko malama bayanin abin da ta gani.

Zuciya

Wannan ne ɓangaren da aka fi sakaci da shi. Da yake a ƙasar Hausa ana ɓoye ƙaramin ciki, wani lokacin ko uwar mace ba ta sani ba, sai ya zama ɓarin ma a ɓoye yake, ba zaman makoki ba masu zuwa jaje, da safe ta tashi ta ɗora tukunya kaman ba abin da ya faru. Waɗanda suka ji kuma sai su ce ai ba rabo ba ne, ko ai ko wata biyu bai kai ba, ke da kike yarinya za ki samu wani, da kyakkyawar niyya suke faɗa amma ita ɗa ta rasa, wataƙila har suna ta riga ta raɗa masa a ranta. In aka haɗa da gorin dangin miji, ko kishiya tana goyo, ko a fara zargin maita da sammu da aljani, nauyin ya ninka.

Wani bincike na jami'ar Imperial College da ke Landan da aka fitar a 2020 ya gano kashi 29 cikin 100 na matan da suka yi ɓari ko ciki a wajen mahaifa suna da alamun firgici mai tsanani bayan wata ɗaya, kashi 18 kuma har bayan wata tara bai sake su ba. Kuka, rashin barci, jin haushin kai, ƙin zuwa suna, duk suna faruwa kuma ba raunin imani ba ne. Amma in sati biyu suka wuce mace ba ta iya ci ba ta iya barci ba ta iya kula da kanta, wannan na likita ne, in kuma ta fara tunanin cutar da kanta toh ba jira, ranar za a kai ta. Miji ma yana jin zafin, sai dai yawanci shiru yake yi ita kuma ta ɗauka bai damu ba, zama a yi maganar ko na ɗan lokaci ne yana rage wannan.

Sake ɗaukar ciki

Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ba da shawarar a jira wata shida, binciken da ya biyo baya bai nuna illa ga wadda ta ɗauka kafin nan ba, shi ya sa likitoci da yawa suke cewa jini ya tsaya, a ga al'ada ɗaya, ita ma ta ji ta shirya a ranta. Mafi yawan mata ciki na gaba yana zama lafiya. Wajen mace ɗaya cikin 100 ce take ɓari sau uku a jere, ita wannan tana buƙatar gwaje-gwaje wajen likitan mata, kuma duk mai niyyar sake ɗauka ana so ta fara shan ƙwayar bitamin ta folic acid tun kafin cikin ya shiga, ta kwana cikin gidan sauro, ta fara awo da wuri.