Kiwon awaki a ƙananan gonaki a ƙasar Hausa

Kiwon awaki a ƙananan gonaki shi ne ajiye awaki kaɗan a gida ko a bayan gida, tare da noman hatsi, ba da nufin kafa babban garke ba. A ƙauyukan arewacin Najeriya da kudancin Nijar da wuya a shiga gidan manomi ba a tarar da turke ba, kuma a gidaje da yawa awakin na mata ne. Akuya ita ce asusun gida: ana sayar da ita idan rashin lafiya ta taso, ko rumbu ya ƙare kafin kaka, ko za a yi wa 'ya kayan ɗaki. Matsalolin kiwon suna bin juyawar shekara, domin da damina akwai ciyawa amma babu sake, da rani kuwa akwai sake amma babu ciyawa.

Ire-iren awaki

Wadda aka fi kiwo ita ce jar akuya, da ake kira ta Sakkwato a Najeriya, ta Maraɗi a Nijar. Tana yawan haifar tagwaye, kuma fatarta ta yi suna tun zamanin fatauci, lokacin da ake ƙetare Sahara da ita har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Can arewa akwai doguwar akuyar Sahel mai jure tafiya da ƙishirwa, a kudu kuma gajeriya mai jure jiƙa. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika, da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da cibiyar kiwon awaki ta Maraɗi suna cikin wuraren da ke aiki a kan jar akuya.

Damina da ɗauri

Da zarar shuka ta fito, sai a ɗaure awaki, kuma nan wahalar mai kiwo take farawa. Akuya ba kamar tunkiya ba ce da za ta duƙufa a kan ciyawar ƙasa. Ta fi son ganye da tsiro, tana miƙewa da ƙafafun baya ta kamo reshe, tana ɓarke dannin kara, tana tauna igiya. Akuyar ɗaure in ta samu sake ba ta wuce gonar maƙwabci, kuma ɓarnar da za ta yi wa wake cikin ɗan lokaci takan kai mutane gaban mai unguwa, a kimanta, a biya. Saboda haka kullum sai an yanko ciyawa an kawo mata, aikin da yakan faɗa kan yara safe da yamma, a daidai lokacin da ake neman hannunsu a gona.

Turken kansa yana da nasa illar. Akuya ta tsani ruwan sama da laka. Idan ta daɗe a tsaye cikin taɓo da kashi, kofatonta yakan ruɓe ta fara ɗingishi. Jiƙa kuma ita ce ke raya tsutsar ciki: ƙwai yana fita cikin kashi, ya ƙyanƙyashe a ciyawa mai laima, akuya ta sake haɗiye shi. Mafi muni ita ce wadda ke shan jini a tumbi. Ana gane ta idan aka ja fatar ido ta ƙasa aka ga cikinta ya yi fari maimakon ja, wani lokaci har ƙarƙashin haɓa ya kumbura. Ana rage wannan da sauya wurin turke, da share kashi, da barin raɓa ta bushe kafin a yanko ciyawa, da ba da maganin tsutsa daidai nauyin dabba. Kuskuren da ya zama ruwan dare shi ne raba ƙwaya ɗaya wa awaki uku don tsimi, abin da ke sa tsutsar ta saba da maganin.

Rani da neman abinci

Bayan girbi ana sakin dabbobi su yi kala a gonaki, kuma wannan ne lokacin da akuya ta fi ƙiba. Ko a nan akwai haɗari, domin gyauron dawa, musamman wanda fari ya taɓa, yana ɗauke da guba da kan kashe dabba nan take. Daga nan abinci sai ya yi ta ja baya har bazara. Mai dabara yakan tara harawar wake da ta gyaɗa a kan rumfa ko a reshen bishiya, ya haɗa da kowar wake da dusa, ya sa ɗan kanwa ko gishiri a ruwan sha. Gawo yana taimakawa ƙwarai, don shi ne ke yin ganye da 'ya'ya da rani sa'ad da sauran itatuwa suka kaɗe. Wanda bai yi tanadi ba sai ya sayi harawa a lokacin da ta fi tsada.

A garuruwa da manyan ƙauyuka yunwa kan tura akuya juji, ta ci leda. Ledar ba ta narkewa, sai ta dunƙule a tumbi. Cikin ya yi girma, dabbar kuwa tana ramewa, kuma sau da yawa sai mahauci ya farke cikin ake sanin dalili.

Annoba

Cutar da ta fi share turke ita ce annobar awaki da tumaki da likitocin dabbobi ke kira PPR, wadda aka fara bayyanawa a Kodebuwa a 1942. Tana farawa da zazzaɓi da majina da kwantsa, sai gyambo a baki, sai zawo da tari. Yawanci tana shiga gida ne ta hanyar sabuwar akuyar da aka sayo a kasuwa aka haɗa da na gida a ranar. Ba ta da magani, amma tana da rigakafi, wanda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato take sarrafawa. A 2015, a Abijan, aka ƙaddamar da shirin kawar da ita daga duniya nan da 2030. Cikas ɗin ƙaramin mai kiwo shi ne kwalbar rigakafi ɗaya ta dabbobi da yawa ce, tana buƙatar sanyi, kuma in an haɗa ta dole a ƙarar da ita cikin ɗan lokaci, don haka sai unguwa ta haɗa kai ko a jira ma'aikatan gwamnati. Ƙazuwa da kaska da ƙwarkwata ba sa kisa da sauri haka, amma suna ɓata fata su karya mata daraja.

Haihuwa da sata

Akuya tana ɗaukar ciki wata biyar, kimanin kwana 150. Da yake bunsuru yana yawo a sake, yakan hau 'yar akuyar da ba ta gama girma ba, ko uwarsa, sai a samu 'ya'ya raunana. 'Ya'yan da aka haifa cikin hunturu ko tsakiyar damina sun fi mutuwa, musamman waɗanda ba su sha dakashi a ranar farko ba. Sata kuma takan ƙaru gab da salla, shi ya sa masu kiwo ke tsaga kunne don shaida, wasu kuma su kwana da awakin a zaure.