Yafiya, gafara da afuwa a Hausar mutanen Sudan

Yafiya, gafara da afuwa kalmomi ne da Hausawa ke amfani da su in ana maganar barin laifi ko barin haƙƙi, kuma duk da mutane na cakuɗa su a baki ba abu ɗaya ba ne, abin da ke raba su shi ne wane ne ke da ikon yin abin. Hausawan Sudan, su na Gadarif da Kasala da Wad Madani da Maiwurno, garin nan na bakin Shuɗin Nilu da Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, tunda da Larabci suke kwana suke tashi sai ya zama kalmomin sun ƙara shiga juna a wajensu.

Yafe ita ce ta yau da kullum, kuma mai haƙƙi ne kaɗai ke yafewa. Ana yafe laifi, ana yafe bashi, mace na iya yafe wa miji sauran sadaki, ɗan'uwa ya yafe kasonsa na gado. In aka ce "na yafe maka duniya da lahira" to an kashe magana ke nan, ba sauran bin kadi gobe kiyama, shi ya sa za ka ga wanda aka cuta ƙwarai ya ce shi dai ya haƙura amma bai yafe ba. Haƙuri shiru ne kawai da danne zuciya, haƙƙin na nan bai tafi ko'ina ba. Akwai kuma wani wuri mai santsi da yaran da Hausarsu ta yi rauni ke faɗawa, wato "na yafe maka" da "na yafe ka". Na farkon alheri ne. Na biyun in ya fito bakin uwa ko uba to sallamawa ce, an cire hannu daga kan ɗa ke nan, ba abin da Bahaushe ke tsoro irinsa. Har abinci ma in bai yi wa mutum ba yakan ture kwano ya ce na yafe.

Gafara daga Larabci take, asalinta rufewa ne da suturcewa, kuma a wajen malamai ta Allah ce, Al-Gafur da Al-Gaffar duk sunayensa ne, daga nan aka samu istigfari. Mamaci ake ce wa Allah ya jiƙansa ya gafarta masa, malami kuma "Allah gafarta malam" ko da ba laifin da ya yi, girmamawa ce. Amma ta sauko titi ita ma, mai amalanke a kasuwa na ihun "gafara dai" don a ba shi hanya, tsofaffin mata in za su shiga gida su ce "gafaranku dai", ga kuma karin maganar nan ta an gaji da gafara sa ba a ga ƙaho ba.

Afuwa, wasu su ce ahuwa, ita ma Larabci ce, ma'anarta ta asali shafe sawu, malamai ma kan ce ta fi gafara ƙarfi don shafewa ta fi rufewa, ita ce a addu'ar daren Lailatul Ƙadari da Annabi (SAW) ya koya wa Nana Aisha. A Hausar rediyo dai afuwa ta mai mulki ce, gwamna ya yi wa fursunoni afuwa ranar salla, ko shirin afuwar da Shugaba Umaru Musa Yar'adua ya yi wa tsagerun Neja Delta a 2009. Ana kuma ce wa mara lafiya ya samu afuwa in jiki ya yi sauƙi. A Sudan afuwar gwamnati sunanta afu am, wato afuwa ta gama-gari, kamar wadda Janar Burhan, shugaban majalisar mulkin ƙasar, ya sanar a Nuwamban 2020, bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta Juba, ga waɗanda suka ɗauki makami, ban da waɗanda kotun duniya ta ICC ke nema.

To amma a Larabcin Sudan "afu" ba ta sarakuna ba ce kawai, ta kowa ce. Ranar idi bayan an sauko, ko in mutum zai kama hanyar Makka, za ka ga an dafa kafaɗar juna ana "al-afu wal-afiya", ɗayan ya amsa "afu lillahi war-rasul", uwa kuma ta ce wa ɗanta "afiya minnak", ta yafe masa kuma ta yarda da shi. Wannan ne ya sa Bahaushen Sudan zai ce wa maƙwabcinsa ka yi min afu a daidai inda Bakano zai ce ka yafe min. Ga "ma'alesh" kuma da ta cinye wurin yi haƙuri da sannu baki ɗaya, an taka ka a mota ma'alesh, an yi maka rashi ma ma'alesh, wani lokaci har ta yi yawa ta fita daga ma'anarta.

Inda bambancin ke fitowa fili shi ne maganar jini. Dokar laifuka ta Sudan ta 1991 ta tanadi kisasi da diyya, diyyar raƙuma 100 ce ko kimarsu a kuɗi, kuma iyalan mamaci su ke da zaɓi, ko su nemi kisasi ko su karɓi diyya ko su yafe don Allah, kamar yadda ya zo a Baƙara aya ta 178. Shugaban ƙasa na iya afuwa a abin da yake haƙƙin hukuma ne amma ba shi da ikon yafe jinin wani. Shi ya sa ake zaman judiyya, wato zaman sulhu na gargajiya, dattawan da ake kira ajawid su yi ta zarya tsakanin gidajen biyu, a shimfiɗa tabarmi a kawo shayi da jabana, wato gahawa, a yi ta lallashi har waliyyin jini ya buɗe baki da kansa.

Sai ƙananan 'yan'uwansu, rangwame da sassauci, waɗannan ragi ne kawai. Alƙali ya yi sassauci in ya rage shekarun ɗauri, ɗan kasuwa ya yi rangwame in ya rage farashi ko bashi, sauran kuma sai an biya.