Loma na tsaya maka a ƙirji? Daina sayen maganin olsa

Mutum zai zo asibiti ya rame, wando na zame masa, ya ce watanni ke nan tuwo ba ya wucewa. Me ya yi duk tsawon lokacin? Ya je kemis an ba shi omeprazole, wato maganin olsa, ya bar nama, ya bar tuwo, ya koma kunu da koko, ya ce ya ji sauƙi. Wane sauƙi, jama'a? Hanyar abinci ce ke ƙara toshewa, shi kuma yana ta tsinka abin da yake haɗiya.

Cikin abubuwan da ke toshe ta akwai ciwon daji, kuma a cikinsa akwai wani iri mai suna melanoma, wanda ke tasowa daga ƙwayoyin da ke ba fata launi. Ba kasafai yake fitowa a hanyar abinci ba, bai wuce 1 ko 2 cikin 1,000 na dajin wurin ba. Ya fi kama maza masu shekara 60 zuwa sama, galibi a tsakiya ko ƙasan hanyar. Amma yana da saurin bazuwa: kusan rabin masu shi, kafin a gano ya riga ya kai kaluluwa, hanta ko huhu.

Gwajin jini ba ya nuna shi. Sai an zura siririn bututu mai kyamara ta baki, wato endoskofi, bayan azumin awa 6 zuwa 8. Likita kan ga tsiro baƙi ko ruwan ƙasa. Wani kuwa ba shi da launi sam, shi ya sa dole a ɗebi ɗan nama a kai ɗakin gwaji. Daga nan sai hoton CT, mai nuna cikin jiki dalla-dalla, don a ga inda ya kai.

In bai bazu ba, tiyata ce magani: a yanke sashen da ya kamu tare da kaluluwar kewaye, a jawo tumbi sama a haɗa. In ya bazu, akwai allurai masu zaburar da garkuwar jiki irin su nivolumab da pembrolizumab, masu tsada ƙwarai. Gashin daji da na'ura da kemo (magungunan kashe ƙwayoyin daji) kaɗai ba sa yi masa abin kirki. Da yawa cikin waɗanda aka gano a makare ba sa wuce shekara guda da 'yan watanni. Waɗannan watannin da ake ɓatawa a kemis su ne lokacin da tiyata za ta yi amfani.

Don Allah, 'yan'uwa:
- Haɗiya ta yi wuya mako 2, a tafi asibiti, ko da ana zargin ƙwannafi ne.
- Rama, aman jini ko baƙin bayan gida, a tafi a ranar.
- A nemi takardar turawa zuwa inda ake endoskofi, kamar asibitocin koyarwa na Kano da Shika a Zariya.
- Mai kemis, wanda ya ce maka abinci na maƙale masa, kar ka miƙa masa katin magani, ka tura shi ga likita.