Cimar Birtaniya ta sauya, kuma baƙo ne ya fi jin ta a jikinsa

Da yawa daga cikin masu zuwa Birtaniya karatu ko aikin jinya suna sauka da tunanin cewa mutanen ƙasar gasasshen nama da dankali da soyayyen kifi suke ci. A da haka ne. Sai a 1954 aka daina rabon abinci da kati, wanda aka fara lokacin yaƙin duniya na biyu, kuma a wancan zamani a gida ake girki, a zauna a ci tare. Daga baya manyan kantuna suka yawaita, firji da na'urar ɗumama abinci suka shiga gidaje, baƙi daga Indiya da Pakistan da Bangaladash da Hong Kong suka buɗe gidajen abinci a kowane gari. A 2001 ministan harkokin waje Robin Cook ya kira miyar kaza ta tikka masala abincin ƙasa. Yau abincin ranar ma'aikaci shi ne sanwic da soyayyen dankalin leda da lemo a farashi ɗaya, da dare kuma a taɓa waya a kawo fiza ko soyayyar kaza har ƙofa.

Baƙo ya fi ɗan gari saurin faɗawa wannan hali. Ga aikin dare, ga ɗaki ɗaya, ga kicin na haɗaka, ga sanyi da ke hana fita. Kuma mutum ɗaya ba ya tuƙa tuwo don kansa. Sai burodi da shayi mai sukari da taliyar leda su zama abincin yau da gobe.

Jikinmu kuwa bai da haƙurin na Bature a wannan fanni. A ƙa'idar hukumar lafiya ta NHS, haɗarin ciwon sukari yana ƙaruwa ga farar fata daga shekara 40, ga baƙar fata 'yan Afirka kuwa tun daga 25. Hawan jini ma ya fi yawa a cikinmu. Ga gwajin da ba ya buƙatar ko kwabo: a auna tsawon jiki da igiya, a ninke ta gida biyu, a zagaya ciki da ita dab da saman cibiya. Idan ba ta haɗu ba, kitsen ciki ya wuce kima. Yin rajista da likitan unguwa, wato GP, kyauta ne. A nemi awon jini da gwajin sukari na HbA1c, kada a jira sai jiri ko yawan fitsarin dare sun fara.

A gaban yawancin fakitin abinci akwai alamar kore da ruwan ɗorawa da ja, kamar danjar titi. A duba lissafin giram 100, domin rabon mutum ɗaya da kamfani ke rubutawa sau da yawa bai kai abin da muke ci ba. Gishirin da ya haura giram 1.5 ja ne, sukarin da ya haura 22.5 ja ne, mai da ya haura 17.5 shi ma ja ne. Babba bai kamata ya wuce giram 6 na gishiri a rana ba, kusan ƙaramin cokalin shayi guda, kuma yawancinsa yana cikin burodi da cuku da miyar kwalba tun kafin a taɓa gwangwanin gishiri. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, saboda haka idan an jefa biyu a miya kada a ƙara gishiri, a ƙara daddawa da citta da tafarnuwa. Sukarin da ake ƙarawa iyakarsa giram 30 a rana, alhali gwangwani ɗaya na Coca-Cola mai mililita 330 yana da 35. Tun Afrilun 2018 gwamnati ke karɓar haraji kan lemo mai sukari, kamfanoni da dama sun rage, amma lemon malt da muke sha a taro har yanzu cike yake da zaƙi.

Akwai kuma bitamin D, wanda a gida rana ke ba mu kyauta. Daga Oktoba zuwa Maris ranar Birtaniya ba ta da ƙarfin sa fata ta samar da shi. Shawarar NHS ita ce maikurogiram 10 kullum a kaka da hunturu, mai baƙar fata da mai rufe yawancin jiki kuwa duk shekara. Ƙarancinsa yana kawo ciwon ƙashi da kasala, ga yara kuma lanƙwashewar ƙafa. Wasu ƙwayoyin da jelatin ɗin alade aka yi ɓawonsu, a tambayi mai kemis na halal ko na ɗigawa.

Maganin da ya fi ɗorewa shi ne a nemi mutanen garinmu. Masallacin Juma'a da ƙungiyar ɗalibai da zaurukan WhatsApp na 'yan Kano ko Zariya ko Maraɗi su ne hanya, kuma tsohon ɗan ajinku da kuka rabu shekara goma yana iya zama jirgin ƙasa ɗaya tsakaninku. Su ne suka san cewa a shagon Indiyawa gero sunansa bajra, dawa jowar, cewa akwai kuɓewa da alayyahu a daskare, cewa gajeriyar shinkafar da Turawa ke kira pudding rice tana tuƙuwa sarai, zoɓo kuma a shagon 'yan Karebiyan sorrel ake ce masa. A Landan akwai su a unguwar Peckham, sauran manyan birane ma ba su rasa irin waɗannan shaguna. Mutum huɗu su haɗa kuɗin buhun shinkafa da rabin rago, su yi miya biyu ranar hutu, a raba a robobi a daskarar, an huta da odar dare ta mako guda. Hirar kanta magani ce ga kaɗaicin da ke sa mutum cin abin da bai yi niyya ba.

Sai dai taron suna da na Sallah suna da nasu haɗarin. Shinkafar da ta yini a kula tana haifar da ƙwayar cutar da dafinta ba ya mutuwa da ɗumame, sai a wayi gari da amai da gudawa. Ragowar shinkafa a shimfiɗa ta ta huce cikin awa ɗaya, a sa a firjin da bai wuce digiri 5 ba, a ci cikin kwana ɗaya, a ɗumama sau ɗaya tak har tururi ya tashi daga tsakiya.

Batun tsaraba kuma, kada a ɗora wa ɗan uwa mai tahowa daga gida kilishi ko dambun nama ko man shanu ko cuku. Dokar Birtaniya ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga Nijeriya da Nijar da Gana, ko da busasshe ne kuma a leda a rufe. Jami'an filin jirgi suna ƙwacewa su lalata, wanda ya ɓoye kuma ana iya cin sa tara ko a gurfanar da shi. Mai kwaɗayin kilishi ya sa mahaucin halal ya yanka masa cinyar saniya siriri, ya busar a oben da ƙaramar wuta, ya shafa tunkuza da yaji, sannan ya mayar ya gasa.